Yadda Maganin Ciwon Dajin Babban Hanji Ke Juya Awon Jini

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, yau ina so mu tattauna a kan wata 'yar takarda wadda ba ta fi tafin hannu ba, amma takan hana gida guda barci. Takardar kuwa ita ce ta sakamakon awon jini, wadda akan bai wa mai fama da ciwon dajin babban hanji sa'ad da yake karɓar magani a asibiti. A gidaje da dama idan aka dawo da irin wannan takarda, ba wanda akan miƙa wa sai ɗan makaranta, a ce da shi, "Kai da kake boko, karanta mana." To, ga haruffa uku, CEA, ga kuma lamba a gabansu. Kafin a fara magani lambar 40 ce, yau kuwa ta zama 65. Me za ka ce wa mahaifiyarka? Abin da ka faɗa a wannan lokaci yana iya sa a daure a ci gaba da magani, yana kuma iya sa a naɗe tabarma a bar asibiti. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka ya kamata mu fahimci inda lambar nan take fitowa, da yadda magani yake juya ta.

Ciwon Da Kansa

Babban hanji shi ne ƙarshen hanyar da abinci yake bi a cikin mutum. Tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, aikinsa kuwa shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci kafin a fitar da shi. Bangonsa na ciki shimfiɗe yake da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda kullum suke mutuwa ana maye gurbinsu da sababbi. Wani lokaci sai wasu daga cikin ƙwayoyin nan su kangare, su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su zama ɗan tsiro. Irin wannan tsiro yakan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe ya zama ƙari mai cin naman da ke kewaye da shi, watau ciwon daji.

Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A mataki na ɗaya da na biyu bai wuce hanji da kewayensa ba. A mataki na uku ya kai ga kaluluwar da ke kusa. A mataki na huɗu kuwa ya yi tafiya zuwa nesa, galibi hanta, domin jinin da ya bar hanji ta hanta yake fara bi, ko kuma huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 fiye da mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da ciwon dajin babban hanji da dubura a duniya, fiye da 930,000 kuma suka mutu ta dalilinsa. A wurinmu wani abin da ke jawo jinkiri shi ne, idan mutum ya ga jini a bayan gida sai ya ce ai basir ne ko atuni, ya yi ta shan jiƙo wata da watanni, kafin ya je asibiti ciwon ya riga ya yi nisa.

Mene Ne CEA?

A shekarar 1965 wasu masana biyu, Phil Gold da Samuel Freedman, na Jami'ar McGill da ke birnin Montiriyal a ƙasar Kanada, suka gano wani irin furotin a cikin ƙarin da aka yanko daga hanjin marasa lafiya. Abin mamaki, sai suka tarar da irinsa a hanjin ɗan tayi. Wannan ya sa suka ba shi suna mai haɗa ciwon daji da tayi, aka kuma taƙaita sunan da haruffan nan uku, CEA. A shekarar 1969 su da abokan aikinsu suka fito da hanyar auna shi a cikin jini. Tun daga nan ya zama fitacce a cikin abubuwan da ake kira alamomin daji, watau abubuwan da ƙari yake zubarwa cikin jini har a iya auna su.

Da farko an yi murna ƙwarai, ana zaton an sami awon da zai tona asirin ciwon tun yana ƙarami. Daga baya aka gane cewa lafiyayyen hanji ma yana yin CEA kaɗan, kuma yawancin masu ciwon da ke matakin farko awonsu daidai yake fitowa. Don haka ba a amfani da shi wajen binciken jama'a masu lafiya. Amfaninsa shi ne bin sawun ciwon a jikin wanda aka riga aka tabbatar yana da shi.

Ana auna shi da nanogiram a kowace mililita ta jini. Nanogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba shi gida biliyan a ɗauki ɗaya. Yawancin ɗakunan awo sukan ɗauki abin da bai kai 5 ba a matsayin daidai, wasu kuma sukan tsaya a 3 ga wanda ba ya shan taba, domin mashaya taba nasu yakan ɗan ɗara na sauran mutane. Wanda ciwonsa ya bazu zuwa hanta kuwa, lambarsa tana iya kaiwa ɗaruruwa, har ma dubbai.

Misalin Kududdufi

Domin mu fahimci sauran bayanin, mu ɗauki misalin kududdufin bayan gari. Abu biyu ne suke sa ruwansa ya ƙaru ko ya ragu: yawan ruwan da ke kwararowa ciki, da kuma faɗin magudanar da yake fita ta cikinta. Jinin mutum shi ne kududdufin. Ƙari shi ne mai zubo CEA a ciki. Hanta kuwa ita ce magudana, domin ita ce take tace shi ta kawar. Kun ga ke nan lamba tana iya hawa don ƙari ya girma, tana iya hawa don an zubo da yawa a lokaci guda, tana kuma iya hawa don magudana ta toshe. Duk hanyoyin nan uku lamba iri ɗaya suke rubutawa a takarda, alhali kuwa ma'anarsu ta sha bamban.

Hanta ba ta kwashe shi dare ɗaya. Takan rage rabinsa a cikin 'yan kwanaki. Ga ɗan lissafi irin na aji. Mu ƙaddara kowane kwana 5 rabi yake tafiya, kuma an yi wa mutum tiyata an cire ƙarin duka lambarsa tana 40. Bayan kwana 5 za ta zama 20, bayan kwana 10 ta zama 10, bayan kwana 15 ta zama 5, bayan kwana 20 ta koma 2.5. Shi ya sa likitoci sukan jira mako 4 zuwa 6 bayan tiyata kafin su sa ran ganin lambar ta koma daidai. Idan ta ƙi komawa, sai su yi zargin akwai sauran ɓurɓushin ciwon a wani wuri, su shiga nema.

Maganin Da Ake Kira Kemoterapi

Kemoterapi, wanda ma'aikatan asibiti da majinyata suke taƙaitawa su ce kemo, magunguna ne masu kashe ƙwayoyin halitta da ke hayayyafa da sauri. Akan ba da su ta ƙarin ruwa ko ta ƙwaya. Uban tafiyarsu a ciwon hanji shi ne fuluroyurasil, wanda akan rubuta 5-FU. Charles Heidelberger na Jami'ar Wisconsin a Amurka da abokan aikinsa ne suka fito da shi a shekarar 1957. Dabararsa ita ce, ya yi kama da ɗaya daga cikin tubalan da ƙwayar halitta take bukata, sai ƙwayar ta karɓe shi a kan kuskure, shi kuwa ya hana ta ƙera abin da za ta rabu biyu da shi, har ta mutu.

A shekarar 1990 Charles Moertel na asibitin Mayo a Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ba masu mataki na uku 5-FU tare da lebamisol bayan tiyata, dawowar ciwon takan ragu da kashi 41 cikin ɗari, mutuwa kuma da kashi 33 cikin ɗari. Lebamisol ɗin nan asalinsa maganin tsutsar ciki ne, kuma daga baya an bar shi aka koma haɗa 5-FU da wani magani mai suna lukoborin. Sa'an nan wasu magunguna suka biyo baya. Akwai irinotikan, wanda Amurka ta amince da shi a 1996. Akwai okzalifilatin, wanda aka gano a ƙasar Japan a 1976, Amurka kuma ta amince da shi a 2002. Akwai kuma kafesitabin, ƙwaya ce da ake haɗiya, jiki ya mayar da ita 5-FU.

Yau akan haɗa su ne. Haɗin da ake kira FOLFOX ana ba da shi kowane mako biyu. Wanda ake kira CAPOX kuwa kowane mako uku ne: ƙarin ruwa a rana ta farko, ƙwaya ta kwana 14, sa'an nan hutun kwana 7. Kowane irin wannan zagaye shi ne zango guda.

Ana ba da kemo a hali biyu, kuma wajibi ne mu bambance su. Hali na farko shi ne bayan tiyata, an cire ƙarin da ido ke gani, ana son a share ƙwayoyin da suka ɓuya. Wannan yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. A nan lambar CEA galibi ta riga ta koma daidai tun kafin a fara, saboda haka ba za ta nuna ko maganin yana aiki ba. Hali na biyu shi ne sa'ad da ciwon ya bazu, ana son a ƙanƙantar da shi ko a tsayar da shi. A nan ne lambar take da labari mai yawa.

Sa'ad Da Lamba Ta Sauka

Abin da kowa ke fata shi ne wannan. Magani ya kashe ƙwayoyin daji, masu zubo CEA sun ragu, hanta ta kwashe wanda ke cikin jini, sai lamba ta yi ta raguwa zango bayan zango. Galibi idan aka ɗauki hoton ciki da na'urar siti sikan bayan wata 2 ko 3, sai a ga ƙarin ma ya ƙanƙance. Wannan albishir ne, ba laifi a yi farin ciki da shi.

Amma fa a lura, saukar lamba zuwa daidai ba ta nufin an warke. Ƙwayoyin da suka rage suna iya zama kaɗan ƙwarai har abin da suke zubarwa bai kai a gani ba, ga shi kuwa suna nan da rai, kuma su ne masu taurin kan da suka fi jure wa magani. Wanda ya ga lambarsa ta koma 3 ya ce ya huta da wahalar kemo, ya yi kama da manomin da ya yi noman fari ya ga gona tas, ya rataye fartanya tun damina ba ta raba ba. Likita kaɗai ne zai ce an kai inda za a tsaya ko a huta.

Sa'ad Da Lamba Ta Hau Alhali Magani Yana Ci

Nan ne gizo yake saƙa, kuma domin wannan ne na ɗauki alƙalami. A shekarun 2003 da 2004 wasu likitoci biyu na birnin Bergen a ƙasar Norwe, Halfdan Sørbye da Olav Dahl, suka ba da rahoton abin da suka lura da shi a majinyata 27 da suka fara karɓar haɗin da ke da okzalifilatin. Mutum 4 daga cikinsu lambarsu ta yi tsalle sama a makonnin farko, alhali ciwon nasu ba ƙaruwa yake yi ba, daga baya kuma lambar ta sauko. Da a ce an dogara da lambar kaɗai, da an raba su da maganin da yake yi musu amfani.

A shekarar 2010 likitocin asibitin Royal Marsden da ke Ingila suka duba bayanan majinyata 670 masu ciwon da ya bazu. Suka sami 78 da lambarsu ta fara hawa sa'an nan ta sauko ƙasa da inda ta faro. A cikin waɗannan, kashi 73 cikin ɗari hoto ya nuna ƙarinsu ya ƙanƙance. Waɗanda lambarsu ta yi ta hawa ba sauka kuwa, kashi 11 cikin ɗari ne kawai suka sami haka. Ashe mutum biyu suna iya riƙe da takarda mai nuna hawa a mako na uku, ɗaya maganinsa yana ci, ɗaya nasa ba ya ci, kuma ba mai iya bambance su a ranar.

Me ke kawo wannan? Ku tuna da ranar da aka rushe tsohuwar katangar ƙasa. Sa'ad da katangar take tsaye ƙura kaɗan ce take tashi daga gare ta. Ranar da aka sa mata diga kuwa, ƙura sai ta turnuƙe unguwa, wanda ya hango daga nesa ya yi zaton wani abu ake ginawa, alhali rushewa ake yi. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ke nan: ƙwayoyin daji masu yawa sun mutu a lokaci guda, sun fashe sun zubar da CEA da ke cikinsu, hanta kuma tana bukatar lokaci kafin ta kwashe. Har wa yau an nuna a ɗakin bincike cewa 5-FU yana iya sa ƙwayoyin da ba su mutu ba tukuna su ƙara yawan CEA da suke yi na ɗan lokaci.

Saboda haka ne Ƙungiyar Likitocin Ciwon Daji ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2006, ta yi gargaɗi cewa a yi hattara wajen fassara hawan CEA a mako 4 zuwa 6 na farkon sabon magani, musamman idan akwai okzalifilatin a ciki.

Sa'ad Da Magudana Ta Toshe

Hanya ta biyu da kemo yake ɗaga lamba ita ce ta hanta. Magungunan nan suna wahalar da hanta, wani lokaci su sa kitse ya taru a cikinta, sai aikin tacewa ya ragu. A shekarar 1993 Moertel da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa da yawa daga masu karɓar 5-FU da lebamisol bayan tiyata sun sami ɗan rauni a hanta, kuma a wasunsu CEA ya hau ba tare da ciwon ya dawo ba. Raunin mai sauƙi ne, yakan kuma tafi idan an gama magani. Irin wannan hawa galibi kaɗan ne, ba ya yin nisa sosai. Shi ya sa ƙa'idojin 2006 ɗin nan suka ba da shawarar a bari sai an gama kemon bayan tiyata kafin a fara awon sa ido.

Bugu da ƙari, akwai abubuwan da ba su shafi kemo ba waɗanda su ma suke ɗaga lambar: shan taba, ciwon hanta, toshewar hanyar matsarmama, kumburin hanji, ciwon huhu, ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tairod. Batun hanta ya shafe mu ƙwarai, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana da yawa a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, kuma mutum yana iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba. Kemo yana iya tayar da ita daga barci. Wannan ne ya sa akan so a auna ta kafin a fara magani.

Sa'ad Da Hawan Na Gaske Ne

Kada kuma mu ruɗi kanmu mu ce duk hawa ƙurar katanga ce. Ruwa ba ya tsami banza. Idan makonnin farko sun wuce, lamba ta ci gaba da hawa a awo biyu ko uku a jere, to akwai alamar ciwon ya daina jin wannan magani. Sau da yawa lambar takan riga hoto nuna haka da makonni ko watanni. A nan likita yakan sa a maimaita awo, a ɗauki hoto, idan ya tabbata sai a sauya haɗin, misali a bar mai okzalifilatin a koma mai irinotikan. Kun ga a nan lambar ta yi babban amfani, domin ta hana a ci gaba da wahalar da mutum da maganin da ya daina yi masa aiki.

Akwai kuma wasu majinyata, kimanin uku cikin goma, da ƙarinsu ba ya zubar da CEA mai yawa ko da ya bazu. Su lambarsu daidai take tun farko har ƙarshe, ciwo ya girma ko ya ƙanƙance. A wurinsu wannan awo ba shi da abin faɗa, sai a dogara da hoto. Wannan ne dalilin da ya sa ake auna CEA tun kafin tiyata ko kafin zangon farko, domin a san mafari. Wani lokaci akan haɗa da wata alama mai suna CA 19-9, wadda Hilary Koprowski da abokan aikinsa suka gano a birnin Filadelfiya a 1979. Ita ma tana da nata rauni, domin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na mutane jikinsu ba ya yin ta sam, kuma toshewar hanyar matsarmama tana ɗaga ta.

Gwajin Fahimta

Ga majinyata uku na misali, ba mutanen gaske ba ne, lambobin ma don koyo na tsara su. An auna kowannensu kafin magani, sa'an nan a mako na 3, na 6, na 9 da na 12.

Na farko: 80, 52, 30, 17, 9.
Na biyu: 40, 65, 48, 22, 11.
Na uku: 30, 36, 47, 66, 95.

Na farko ba wuya, magani yana ci. Na biyu shi ne mai takardar da muka buɗe magana da ita. Wanda ya yanke hukunci a mako na 3 zai ce an yi asara, ga shi kuwa a mako na 12 lambarsa ta koma kusan rubu'in mafarinta. Na uku a mako na 3 hawansa bai ma kai na mutum na biyu ba, amma shi ne wanda likita zai fi damuwa da shi. Darasin a fili yake: lamba guda ba ta ba da labari, sai an jera ta da 'yan'uwanta a ga inda suka dosa, a kuma haɗa da hoto da yadda mara lafiya yake ji a jikinsa.

Bayan An Gama Magani

Wanda aka yi wa tiyata a mataki na biyu ko na uku, akan ci gaba da auna masa CEA kowane wata 3 zuwa 6 har tsawon shekaru, tare da hoto da kuma leƙa hanji da bututu mai fitila. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum 1,202, aka buga a 2014, ya nuna cewa bin sawu da CEA ya ninka kimanin sau uku yawan waɗanda aka gano dawowar ciwonsu a lokacin da tiyatar neman warkewa take yiwuwa, ko da yake ba a ga babban bambanci a yawan mace-mace ba. Masana kuma sun fito da sabon awo mai neman ɓurɓushin ƙwayar gadon ƙarin a cikin jini. A 2022 wani bincike a Ostareliya ya nuna cewa da taimakonsa an rage yawan masu mataki na biyu da ake bai wa kemo daga kashi 28 zuwa 15 cikin ɗari ba tare da dawowar ciwon ta ƙaru ba. Sai dai wannan awo yana da tsada, CEA kuwa shi ne mai araha da aka fi samu.

Shawara Ga 'Yan'uwa Da Iyaye

Na farko, a sami littafi guda a riƙa rubuta kwanan wata da lambar kowane awo, da ranar kowane zango na magani. Wannan aiki ne da ɗan aji ɗaya ma zai iya, kuma yana taimaka wa likita ƙwarai.

Na biyu, a riƙa yin awon a ɗakin awo guda in da hali, domin na'urori sun bambanta, jini ɗaya yana iya ba da lamba biyu a wuri biyu.

Na uku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita duk wani jiƙo ko sassaƙe ko ƙwaya da mara lafiya yake sha, da batun taba, domin wasunsu suna taɓa hanta su rikita awo, su kuma ƙara wa kemo illa.

Na huɗu, kada a tsayar da magani saboda lamba ta hau, kada kuma a tsayar saboda ta sauka. Sauri ya haifi nawa. A kai takardar wurin likita a tambaye shi: wannan hawa na makonnin farko ne? Yaya hanta take? Yaushe za a maimaita awo, yaushe za a ɗauki hoto? Matambayi ba ya ɓata.

Na biyar, duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko sauyin bayan gida da ya ƙi ƙarewa, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, ya je asibiti a duba shi kafin ya yanke wa kansa cewa basir ne.

A ƙarshe, ya ɗan'uwana ɗalibi, idan aka miƙo maka takardar nan, ka karanta lambar yadda take, kada ka ƙara kada ka rage. Sa'an nan ka ce, "Inna, wannan lamba takan hau a farkon magani ko da yana aiki, takan kuma hau idan hanta ta gaji. Mu kai wa likita tare da na baya, shi zai gaya mana ko wanne ne." In ka yi haka ka faɗi gaskiya, ka kwantar da hankalin gida, kuma karatun da iyaye suke wahala a kansa ya yi rana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.